Kujerar Katako Zuwa Birnin Shi'an

Shafi na 19

Kun gani, kuka kawar da kai. A shafin baya na gaya muku samari biyu aka ɗauka daga Dogo-Dogo aka tura ƙasar Sin koyon noman rani, na kuma gaya muku mutum ɗaya ne ya sauko daga motar kamiyo a tashar Dungas. Na karanta saƙonninku kaf. Wannan yana tambaya ko da gaske da tsinke suke cin abinci, waccan tana tambaya ko Gidaɗo ya zo da agogon hannu. Ko mutum ɗaya a cikinku bai ce ina Dikko ba. To, ku gyara zama.

* * *

Farkon daminar 1979 ne, ruwa biyu kawai aka yi.

Gidaɗo ya taho a ƙasa da walis, akwatin tafiyarsa, a ka, yana ta tisa kalmomin ta'aziyya a ransa. Dikko ɗan baffansa ne. Ɗaki ɗaya suka tashi, makarantar lakwal ɗaya suka yi, jirgi ɗaya ya kwashe su. Wata takwas ke nan da ya bar shi cikin ƙasar wasu mutane. Ya san ofishin da ya tura su ya aiko da labari, shi ma ya rubuto wasiƙa. A lissafinsa kuka ya riga ya ƙare a gidan, saura ya zauna a tabarma ya amsa tambayoyi.

Yana sako kai ta ƙofar danga ya ji shewa.

"La'ilaha! Ɗan Sin! Gidaɗo, kai ne ka yi haske haka, ko idona ne ya lalace?"

Nafi ce, matar Dikko. Ta jefar da muciya ta taho tana dariya. Kwalli raɗau a idonta. 'Yan kunne na lilo. Tafin hannunta ja wur da lalle.

Walis ta nemi zamewa daga kansa.

"Sauke mana! Ko tsarabar tawa ce kake tsoron in gani? Inna ta shiga gari tallar nono, sai azahar. Da ta san yau ne, wallahi da ko ƙofa ba ta leƙa ba."

"Nafi..."

"Na'am, ƙanena. Kai, har muryar ta zama ta 'yan birni." Ta leƙa bayansa, ta leƙa hanya, sannan ta yi ƙasa da murya. "Shi fa? Sai yaushe?"

Gidaɗo ya gyara walis a kansa.

"Baffa ya ce an ƙara masa shekara guda saboda ya fi ku kai. Ai ban yi mamaki ba. Tun a lakwal shi yake jan ka kamar ɗan maraƙi."

Ta sake fashewa da dariya.

"Gidaɗo."

Muryar daga bayan rumbu ta fito. Baffa Ɗantsoho ne, mahaifin Dikko, tsaye da sanda a hannu. Ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Babu sannu da zuwa, babu yaya hanya.

"Ajiye kayan nan. Zo ka ga gona."

Bai jira amsa ba ya juya.

Suka bi ta gefen turke, inda shanu uku suke ɗaure ana jiran raɓa ta bushe. Shanu uku, a gidan da kafin shekarun fari sai an yi kira da ƙaho kafin garke ya gama shigowa. Suka tsaya ƙarƙashin gawon bakin gona. Gawon ya zubar da ganye kamar yadda yake yi kowace damina, babu inuwar kirki.

"Baffa, ba ta sani ba?"

"Zauna."

"Inna fa? Ita ma?"

"Na ce ka zauna."

Ya durƙusa. Baffa ya zauna kan saiwa, ya kafa sanda tsakanin gwiwoyinsa.

"Jandarma ya zo ya tafi da ni Magarya. Kumandan ya karanta mini takarda. Taka wasiƙar ma ta zo, na kai wa wani mushe, malamin boko, a can wanda bai san ni ba, ya karanta mini. Duka biyun ciwon ciki suka ce." Ya ɗago ido. "Ciwon ciki ba ya kayar da namiji a kwana biyu. Yaron nan ba rago ba ne. Gaya mini abin da ba ka rubuta ba."

Yaron nan. Ɗan fari ne, har yau bakin Baffa bai taɓa kama sunansa ba.

Gidaɗo ya gyara durƙusonsa ya fara.

"Hutu aka ba mu na kwana biyar, lokacin kaka. Aka ce duk mai son ganin gari ya zaɓa. Hamma Dikko ya ce shi tsohon birninsu yake son gani, Shi'an, inda sarakunansu na da suka zauna. Daga inda muke karatu, yini da kwana ne a jirgin ƙasa."

"Ina ji."

"Jirgin nan kala-kala ne a ciki. Akwai mai gado da katifa, akwai mai gado babu katifar kirki, akwai kujerar katako ta talakawa. Guzurin mai gado aka ba mu. Hamma ya ce mu yanki na katako, abin da ya rage mu haɗa da wanda muke tarawa, in mun dawo mu saya maka karsana."

Baffa ya juya kai gefe.

"Tafintan da aka haɗa mu da shi ya yi ta hana mu. Hamma ya ce masa, mu da muka yi kwana uku a bayan kamiyon gyaɗa, katako ne zai ba mu tsoro? Tafinta ya tafi can wajen masu gado, ya bar mu."

"Sai me?"

"Baffa, ban taɓa ganin cika irin wannan ba. Kujerar mutum uku, biyar ne a kai. Wasu a ƙasa, wasu a ƙarƙashin kujera, wasu a tsaye tun daga tasha. Kaji a kwando, buhuna, hayaƙin taba. Wata mata tana zagawa da ƙatuwar buta tana zuba wa kowa ruwan zafi a kofinsa. Kuma duk idon taragon nan a kanmu yake. Ba su taɓa ganin baƙar fata ba. Wani ma ya shafa hannuna ya duba yatsansa."

"Ba labarin jirgi na tambaye ka ba."

"A jirgin abin ya faru, Baffa."

Gidaɗo ya ci gaba.

"A gabanmu akwai wata tsohuwa, gwiwarmu tana gugar tata. Ta ɓare dafaffen ƙwai ta miƙo mana. Ni na karɓa. Hamma ya ɗaga hannu ya ƙi. Na ce a raina kunya ce, ba zai ci a gaban mace ba. Da rana ta yi tsaka na ga goshinsa yana tsattsafo da gumi, alhali sanyi ake har taga tana hazo. Na ga hannunsa na dama cikin kwat, a nan, ƙasan cibiya. Ya dafe wurin bai saki ba."

"Ka tambaye shi?"

Gidaɗo ya kalli ƙasa.

"Na ce ka tambaye shi?"

"Sau ɗaya na buɗe baki. Na ce, Hamma. Ya juyo ya kalle ni. Ka san kallon. Sai ya nuna taga ya ce, dubi gonakin mutanen nan, ko tafin hannu ba su bari ba shuka ba. Na gane ba ya so. Na ce, wallahi kuwa. Muka shiga zancen taki."

Wata saniya ta yi kuka daga turke.

"Bai kwanta ba, bai jingina ba. Makewayi yana can ƙarshen tarago, layi ne har da mata, bai je ba ko sau ɗaya. Ya zauna cak kamar an dasa shi. Kuma ka san abin da ya fi ci mini rai? Daɗi na ji. Na ce a raina, bari mutanen nan su ga irin mazan da ake haifa a ƙasarmu."

Baffa ya sunkuyar da kai.

"Jirgi ya tsaya a wani babban gari, ya daɗe. Ta taga ana hango wani farin gini mai jar alama, gidan likita ne, ko yaro ya sani. Tsohuwar nan ta kama hannun rigata. Ta nuna cikin Hamma, ta nuna ginin, tana ta magana da yarensu, tana jijjiga ni. Matar da ba ta san sunanmu ba, ba ta san addininmu ba, ita ta gani ta yi magana. Ni ɗan uwansa na yi mata murmushi. Na gaya mata kalmar da aka fara koya mana, mai nufin lafiya lau. Sau uku na faɗa. Ta saki rigata. Jirgi ya tashi."

"Ƙaddara ce," in ji Baffa, murya can ƙasa.

"Ban gama ba."

"To gama."

"Da hantsi muka sauka. Birnin nan, Baffa, ganuwarsa sai ka ɗaga kai hula ta faɗi. A samanta amalanke biyu sai su wuce juna ba su gogu ba. Kekuna kamar fari sun sauka gona. Hamma ya ɗan warware, ya ce ciwon ya lafa, shi da bai taɓa cewa akwai ciwo ba. Har ya yi mini ba'a, ya ce in mun koma kada in ƙara yi masa fankama da birnin Damagaram. Daga baya lokotoron gidan likita ya ce wannan lafawar ita ce lokacin da abin ya fashe a ciki."

"Innalillahi."

"Tafinta ya kai mu wata hasumiya mai hawa bakwai, ta fi shekara dubu a tsaye. Na ce mu kalla daga ƙasa. Hamma ya ce, mu taso tun daga Dogo-Dogo, mu koma mu ce a gindi muka tsaya? Muka hau. A hawa na huɗu ya zauna, wai takalminsa ne ya kwance. A na shida ya riƙe kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara. Da muka kai sama ya leƙa ta taga, birni gaba ɗaya a ƙarƙashinmu. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, Gidaɗo, ko daga nan ba a hango gida. Sai gwiwarsa ta sake."

Gidaɗo ya share fuska da hannun riga.

"Mu huɗu muka sauko da shi. A gidan likita suka buɗe cikinsa. Wani ɗan guntun hanji ne, bai fi ɗan yatsa ba, ya kumbura ya fashe. Lokotoro ya sa tafinta ya tambaye ni, tun yaushe yake ciwo? Na ce tun jiya. Ya ce, da jiya kuka zo, aikin awa ɗaya ne. Ya ce me ya sa bai faɗa ba? Me ya sa kai ba ka faɗa ba? Tafinta yana jira in ba shi amsa ya juya. Me zan ce masa, Baffa? In ce a garinmu ba a tambayar namiji ina ke masa ciwo?"

"Kul! Kada ka ɗora mini."

"Ban ɗora maka ba. Amma ranar da bijimi ya taka masa ƙafa yana ɗan shekara tara, farce ya fita, wa ya ce masa in ya yi wash ba ɗansa ba ne? Ina tsaye a wurin. Ni ma a ranar na ɗauki karatun."

Baffa ya damƙi sanda. Gidaɗo ya zaci duka ne zai biyo. Bai biyo ba.

"Wa ya yi masa wanka?"

"Musulmi."

"A can?"

"Akwai su, unguwa guda. Tsofaffi masu fararen huluna. Masallacinsu tsoho ne ƙwarai, in ka gan shi ba za ka ce masallaci ba ne, rufinsa irin na gidajen sarakunansu. Babbar ƙofar a rufe take, ta wata 'yar ƙarama suka shigar da mu. Ba ma jin juna. Amma da limaminsu ya ɗaga hannu ya yi kabbara, na ji kamar a nan nake. Su suka yi wanka, su suka ba da likkafani, su suka haƙa kabari a bayan gari. Ba su karɓi ko dala ba."

"Sun fuskantar da shi gabas?"

"Yamma."

Baffa ya miƙe zumbur.

"Yamma? Kana tsaye suka juya masa baya ga alƙibla?"

"Baffa, a can Makka tana yamma. Mun wuce ta."

Tsohon ya tsaya baki buɗe. Ya juya ya kalli gabas, inda ya yi shekara sittin yana sa goshi. A hankali ya koma ya zauna.

"Har ya wuce Makka," ya ce. "Yaron nan ya yi nisa."

Ya ja bakin rawani ya rufe fuska. Kafaɗunsa suka yi motsi sau biyu, sau uku. Ko sauti bai fita ba. Gidaɗo ya kawar da kai, don haka aka koya masa.

Da Baffa ya sauke rawanin, idonsa a bushe yake.

"Yanzu saurare ni. Ka ga shanun can?"

"Na gani."

"Na wa ne?"

"Na Nafi. Ubanta ya ba ta da za a kawo ta."

"Nawa fa? Ina nawa?"

Baffa ya buga sanda a ƙasa.

"Na bar ƙasusuwansu tsakanin nan da Daura shekarar fari. Ko wutsiya ban dawo da ita ba. Baki tara ne a gidan nan, ƙannenka da 'ya'yan ƙanwata marigayiya Hinda. Nonon da Innarku Kadi ta ɗauka yau ta shiga gari, na shanun can ne. Da shi za ta sayo geron da za a ci da dare. Ranar da aka ce yarinyar nan ba ta da miji, 'yan uwanta za su taso daga Danciyawo su tafi da ita. Ita da igiyoyin shanunta uku."

"Saboda shanu, Baffa?"

"Saboda baki tara! Kai ka ci shinkafar Sin shekara biyu, ka manta yadda yaro yake kuka in ya kwana da yunwa. Da na dawo daga Magarya na tsaya a ƙofar dangar can da niyyar in faɗa. Na ga Kadi tana dama fura, yara sun zagaye ta. Na ce bari a gama girbi. Aka gama, gero bai cika rabin rumbu ba. Na ce bari sanyi ya wuce. Na ce bari rani ya wuce. Kullum da safe yarinyar nan tana durƙusawa ta gaishe ni, ni kuma ina amsawa. Kana tsammani barci nake yi?"

"To yau ka faɗa."

"Wata huɗu nake roƙonka. Shuka ta fito, ga ta kana gani. In an yi girbi ni da bakina zan tara su. Wata huɗu, Gidaɗo. Wanda ya tafi ya tafi, ba abin da zai ƙara masa ko ya rage masa."

"Ita fa?"

"Tana ci, tana sha, tana dariya. Me ya same ta?"

"Tana jiran mutumin da yake cikin ƙasa."

"Ka iya shiru. Yanzu ka gama gaya mini ka iya. Ka yi wa yayanka yini da kwana, ni ka yi mini wata huɗu." Ya matso, ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya kama hannun Gidaɗo. "Da uwarka ta rasu kana wata bakwai, a hannun Kadi ka sha nono. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Gidaɗo ya dubi hannun. Duk jijiya, duk kanta. Hannun da ya sayar da tunkiya ya saya masa takalmin shiga lakwal. Ya dubi gonar, geron bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, rana tana dukansa. Baki tara. Ya ji kansa yana shirin yin ƙasa, yana shirin cewa to.

"Salamu alaikum."

Nafi ce, da ƙwarya a hannu an rufe da faifai. Ta tsaya nesa kamar yadda suruka take yi, ta durƙusa, ta ajiye, kanta a sunkuye. Shekara huɗu tana gidan, ba ta taɓa haɗa ido da Baffa ba.

"Ga fura, a ba baƙo ya jiƙa maƙoshi."

"Madalla. Koma gida," in ji Baffa.

Ta yunƙura za ta tashi, sai ta tsaya. Ta saci kallon Gidaɗo.

"Ɗan Sin, tun da ka shigo ba ka dube ni ba. Ko tsokanar da ka saba ba ka yi ba. Na ce maka ɗan maraƙi ba ka rama ba."

"Gajiyar hanya ce," in ji Baffa. "Koma gida."

Ba ta motsa ba.

"Bai ba ka saƙo ba? Ko ɗan ƙyalle? Ko gaisuwa?"

"Nafi, na ce..." in ji Baffa.

"Gidaɗo." Muryarta ta sauya. "Idonka ya yi ja. Lafiyarsa ƙalau?"

Hannun Baffa ya ƙara matse nasa.

Amsar tana nan a bakinsa, a shirye, mai sauƙi. Ya taɓa faɗarta sau uku a jere, da murmushi.

Ya zare hannunsa.

"Nafi, Hamma Dikko ya rasu."

Ba ta yi ihu ba. Ta dai zauna daɓas a kan ƙasa, ta dafa da hannu biyu.

"Sake faɗa."

"Allah ya yi masa rasuwa. Ina wurin. Ni na sa shi a kabari."

"Yaushe?"

"Da kakar bara. Kwana uku ga watan Zulƙida."

Ta ɗaga yatsu tana naɗewa ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi. Ta kai huɗu ta tsaya. Ta ci gaba. Biyar. Shida. Bakwai. Takwas.

"Wata huɗu da kwana goma," ta ce. "Sun wuce. Takabata ta zo ta wuce ban sani ba."

"Ba laifinki ba ne," in ji Gidaɗo, "kowane malami zai gaya miki..."

"Bayan Babbar Salla aka yi bikin auren ƙawata Turai. Kwana nawa ke nan da rasuwarsa?"

Ta juyo gare shi.

"Kwana nawa, Gidaɗo? Kai ne ɗan lakwal."

"Wajen arba'in."

"Arba'in." Ta juya tafin hannunta tana kallon lallen kamar na wata ne. "Ranar da ya kamata a yi masa sadaka, ni ina tsakiyar fili. Na yi kitso. Na sa turare. Na yi rawa har zanina ya jiƙe, mata suna guɗa suna cewa matar ɗan Sin ta fi amarya kyau. Mutumin da ko kallon banza bai taɓa yi mini ba, ko kwana ɗaya ban zauna masa ba."

Ta ja numfashi.

"Gidaɗo, tambayar mini Baffa. A lokacin ya sani?"

Gidaɗo ya dubi Baffa. Baffa yana kallon ƙasa.

"Tambayar mini shi, da na durƙusa na nemi izinin zuwa bikin, ya ce in je, in gaida mutanen Danciyawo, a ranar ya sani?"



Sai Nafi ta ɗago kai. Ta dubi surukinta cikin ido.

"Baffa, da ka gaya mini, wallahi da na zauna. Da na yi takabata a ɗakinsa, da na ce wa 'yan uwana su koma. Yaran nan ni nake musu wanka. Ka zaci sai an ɗaure ni da ƙarya kafin in ba su nono?"



Ta cire 'yan kunnenta, ɗaya, biyu, ta ajiye a kan faifan furar. Ta miƙe. Ba gida ta nufa ba, turke ta nufa.

"Nafi!" Gidaɗo ya bi ta. "Tsaya, don Allah. Yaran ba su yi miki komai ba."

"Matsa mini."

"Ki bari a zauna a yi magana."

"Wata takwas ana zaune."

Ta durƙusa gaban farar saniyar, ta kama ƙullin igiya. Ƙullin ya ƙi. Ta sa haƙori. Ya kwance.

Tana kan na biyu suka ji ƙarar ludayi cikin ƙwarya.

Inna Kadi ce ta ɓullo ta hanyar gari, ƙwaryar nono a ka, ɗan ƙullin gero a hannu, tana sauri har tana tuntuɓe. Tun daga nesa take washe baki.

"A gari aka tare ni aka ce an ga ɗana! Gidaɗo! Kai ne? Zo nan in taɓa ka!"

Ta iso tana haki. Ta shafa fuskarsa, ta shafa kafaɗarsa. Sannan idonta ya sauka kan Nafi da igiya a hannu, kunne babu ɗan kunne. Ya wuce kan mijinta, can ƙarƙashin gawo, ya rufe fuska da rawani.

Murmushin ya tsaya a fuskarta bai gama gushewa ba.

"Ke, ina za ki da shanu da tsakar rana?"

Nafi ba ta juyo ba.

Inna Kadi ta sauke ƙwaryar a hankali. Ta riƙe hannun rigar Gidaɗo.

"Gidaɗo. Ina abokin tafiyarka?"

* * *

A nan na tsaya, kuma kada wanda ya rubuto mini "Allah sarki" ya wuce. Shekara nawa ke nan, har gobe muna binne mutane muna yaba musu da cewa ba su taɓa kuka da ciwo ba. A gidanku akwai wanda ya rage cin abinci, yana dafe da wani wuri a jikinsa, in an gaishe shi ya ce lafiya lau. Kun san shi, yanzu ma fuskarsa ta zo muku. Ajiye wayar nan. Je ka zauna kusa da shi, ka tambaye shi ina ke masa ciwo. In ya sauya zance, sake tambaya. In ya harare ka, ɗauko takalminsa ka kai shi disfansa wajen likita yau.